Ta ina dafin mashaƙo ke shiga ƙwayar halittar mutum?

Ummu Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ji wani likita a rediyo yana bayani kan mashaƙo, ya ce makarin da ake yi wa yara a asibiti yana aiki ne kafin dafin ya shiga ƙwayoyin halittar jiki, in ya riga ya shiga sai dai jinya da addu'a. Maganar ta tsaya min a rai. Dafin da ke yawo a jini da wanda ya shige ƙwayar halitta ba duk a jiki ɗaya suke ba? Me zai hana maganin ya bi shi har can? Kuma ta ina ma yake shiga? Masu ilimin abin don Allah ku warware mana.

Alhajin Kemis: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni dai a sanina mashaƙo bakteriya ce ke kawo shi, bakteriya kuwa antibayotik ke kashe ta. In an ba yaro eritromaisin ko fenisilin da wuri, magana ta ƙare. Wannan dogon bayanin sai ya ƙara tayar wa iyaye hankali.

Anti Nas: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma magana ba ta ƙarewa a nan. Na yi aiki a ɗakin da aka keɓe wa masu mashaƙo a Kano a 2023. Za ka ga yaro ya zo wuya a kumbure, ka haska maƙogwaronsa ka ga wata yana mai ruwan toka ta manne, in ka taɓa ta sai jini. A ba shi antibayotik, yanar ta saki, ya fara shan kunu, uwar ta fara haɗa kayan tafiya gida. Sai a mako na biyu ka riƙe hannunsa ka ji bugun zuciya yana tsalle, ya yi fari fat, yana amai, ko zama ba ya iyawa. Bakteriyar ta mutu tun tuni. Dafin da ta zuba kafin ta mutu shi ne ya kama zuciyar. Wasu kuma sai bayan makonni murya ta koma ta hanci, in sun sha ruwa ya dawo ta hanci, saboda jijiyoyin ganɗa sun shanye.

Malam Na Zazzau: Bismillah. Tambayar Hajiya ita ce ainihin abin da nake koyarwa, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da tantani siriri ƙwarai. Kaurinsa bai wuce nanomita 5 zuwa 10 ba, nanomita ɗaya kuwa shi ne ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Tsakiyar tantanin nan maiƙo ne. Dafin mashaƙo kuma furotin ne mai son ruwa, ga shi ƙato, amino asid 535 ne a jere suka nannaɗe suka zama dunƙule. Abu mai son ruwa mai wannan girma ba ya ratsa maiƙo. Da a ce dafin zai tsaya jiran ya ratsa da kansa, da ba wanda mashaƙo zai kashe sai wanda yanar ta toshe wa numfashi.

To abin da ke faruwa shi ne ƙwayar halittar ce da kanta take shigo da shi. Dafin kashi biyu ne a haɗe, masana suna ce musu A da B. A shi ne mai kisan, B shi ne mai kai shi ciki. A jikin tantanin akwai wani furotin namu mai suna HB-EGF, wanda aikinsa na asali ya shafi girman ƙwayoyin halitta. Ƙarshen B ya dace da shi, sai ya kama shi ya manne. Ƙwayoyin zuciya da na jijiya suna da wannan makama, shi ya sa Anti take ganin abin da take gani.

Da zarar ya manne, sai tantanin ya lotsa ciki, ya naɗe dafin a wata 'yar jaka da ake kira endosom, ya tsinke ta zuwa ciki. Haka ƙwayar halitta take shigo da kayanta kullum, ba don dafin aka shirya hanyar ba. A nan ne kuma wani enzayim namu mai suna furin yake yanka tsakanin A da B, ya bar su riƙe da juna da ɗaurin salfa guda ɗaya tak.

Ummu Sadiq: Malam, ke nan a nan ya shiga?

Malam Na Zazzau: A'a Hajiya, kuma nan ne wurin da ya fi burge ni a darasin gaba ɗaya. Yana cikin jaka, jakar kuma da irin wancan tantanin aka yi ta. Har yanzu akwai maiƙo tsakaninsa da abin da yake nema. Ƙa'idar ƙwayar halitta ita ce ta riƙa zuba asid a cikin jakar, don ta raba kaya da makamarsu, daga baya ta tura saura wurin narkarwa. A wajen ƙwayar halitta ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, yana wajen 7.4, a cikin jakar kuwa yana sauka zuwa 6, har ya doshi 5. Wannan tsamin shi dafin yake jira. Da ya ji shi sai tsakiyar B ta sauya siffa, sassanta masu son maiƙo da suke ɓoye a ciki su fito fili, su nutse a bangon jakar su buɗe 'yar kafa. Shi kuma A ba zai wuce ta kafar a dunƙule ba, dole ya warware. Kamar zare ne da kafar allura: ƙwallon zare ba ya wucewa, amma in kin kamo bakinsa, sili ɗaya zai bi ya fita har ƙarshe. Yana fita sai a kwance ɗaurin salfan nan, ya sake nannaɗewa ya koma siffarsa.

Daga nan sai ɓarna. Akwai wani furotin mai suna EF-2 wanda sai da shi ƙwayar halitta take iya ƙera kowane furotin. A yana ɗauko wani guntu daga sinadarin NAD ya liƙa masa, sai EF-2 ya daina aiki. Kuma A enzayim ne, ba ya ƙarewa a aiki ɗaya. Ya gama da wannan ya koma kan wancan. A 1978 wasu masu bincike a Japan suka nuna cewa ƙwaya ɗaya ta A ta isa ta kashe ƙwayar halitta guda.

Amsar tambayarki ta farko ke nan. Makarin shi ma furotin ne, antibodi, wato irin wanda garkuwar jiki ke ƙerawa don kama baƙon abu, ya ma fi dafin girma, kuma ba shi da wani B da zai buɗe masa kafa. Iyakarsa jini da ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halitta. Duk dafin da ya tarar a nan zai kama shi ya hana shi mannewa. Wanda ya riga ya shige ya fi ƙarfinsa.

Ummu Sadiq: Subhanallah. Wato jikin ne yake yi masa kusan duk aikin, shi ya shigo da shi, shi ya yanka shi, shi ya zuba masa asid ɗin. Allah ya ƙara ilimi Malam.

Alhajin Kemis: To Malam, in tsamin jakar ne mabuɗin abin, ai na taɓa karanta cewa kulorokwin yana rage tsamin irin waɗannan jakunkuna. Ga shi da arha, ga shi ko'ina. Me ya sa ba a ba yaran?

Malam Na Zazzau: Karatunka daidai ne Alhaji, a ɗakin gwaji. Tun wajen 1980 aka ga cewa in aka zuba kulorokwin ko amoniyam kuloraid a kan ƙwayoyin halittar da ake rainonsu a faranti, dafin mashaƙo yana maƙalewa a jakar ya kasa fita. Da irin wannan gwajin ne ma aka tabbatar da cewa asid ne ke buɗe masa hanya. Amma faranti daban, yaro daban. Ba magani ba ne na mashaƙo, kuma kulorokwin shi kansa yana taɓa bugun zuciya in ya yi yawa. Yaron da dafi ke cin zuciyarsa ka ƙara masa wannan? Don girman Allah kada kowa ya gwada.

Anti Nas: Na gode Malam da ka faɗi wannan ƙarara. Alhaji, ku ne mutane ke fara zuwa wurinku kafin mu. Yaro mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, in ka ba shi magani na kwana uku ka ce a dawo, kwana ukun nan dafi ne ke shiga. Mu a asibiti ba ma jiran sakamakon gwaji, likita na ganin yanar ake ɗaura makari, tare da antibayotik ɗin.

Alhajin Kemis: Anti, ban ƙi taki ba. Amma mu faɗi gaskiya, sau nawa aka tura yaro aka tarar babu makarin? Uba ya ci bashin kuɗin mota ya je ya dawo hannu rabbana. Gobe in na ce masa ya tafi asibiti zai saurare ni? Antibayotik aƙalla yana hannuna.

Anti Nas: Wannan ƙorafin gaskiya ne, kuma ya ci mana rai. Makarin daga jinin doki ake haɗa shi, kamfanonin da ke yin sa a duniya kaɗan ne, kuma ba a yin sa sai a inda za a iya kula da yaro in jikinsa ya ƙi shi. Amma ko babu makari, a asibiti ana sa ido kan numfashi da zuciya, ana keɓe shi kada ya shafa wa ƙannensa, ana bin 'yan gidan da magani da rigakafi. Ka ba da antibayotik ɗin in dole ta kama, amma ka tura su a ranar, kada ka ce a dawo.

Ɗalibin Likitanci: Malam, ina neman ƙarin haske. A aji an ce mana ɓera ba ya jin dafin mashaƙo. Shi EF-2 ɗinsa daban ne?

Malam Na Zazzau: EF-2 ɗinsa yana lalacewa kamar namu in A ya kai gare shi. Bambancin a bakin ƙofa yake. HB-EGF na ɓera ya ɗan sha bamban da namu a wasu amino asid, B ba ya iya kama shi da kyau. Masu bincike har amfani suke yi da wannan: su dasa wa wasu ƙwayoyin halittar ɓera makama irin ta mutum, su yi masa allurar dafin, sai waɗannan ƙwayoyin kaɗai su mutu, a ga aikin da suke yi a jiki.

Wani abin kuma, ba kowace bakteriyar mashaƙo ce ke da dafi ba. Umarnin ƙera dafin wani bairos ne mai kama bakteriya yake kawo mata shi, an gano haka a 1951. Kuma ta fi zuba dafin idan ƙarfe ya yi mata ƙaranci.

Ɗalibin Likitanci: To kwalara fa? Ita ma A da B ne, amma na ga littafi ya ce ba ta bukatar asid.

Malam Na Zazzau: Ita doguwar hanya take bi. Nata dafin A ɗaya ne a kan B biyar da suka yi zobe. B ɗin suna kama wani maiƙo mai sukari a jikin tantanin hanji, ana ce masa GM1. Bayan an shigo da shi a jaka, ba ya huda jakar. Sai ya bi hanyar da ƙwayar halitta take fitar da furotin ɗinta, amma ta baya: daga endosom zuwa Golgi, wurin da ake shirya furotin don fitarwa, daga Golgi zuwa sashen da ake kira ER, inda ake naɗe sababbin furotin. A can akwai tsarin da ke zaƙulo furotin ɗin da bai naɗu daidai ba, ya warware shi, ya fitar da shi ta wata kafa don a niƙe. Dafin sai ya bari a warware shi a fitar da shi ta wannan kafar. Alamar niƙewa a kan amino asid mai suna laisin ake liƙa ta, shi kuma laisin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, sai ya tsira, ya sake naɗewa ya fara aiki.

Shi ba kisa yake yi ba. Yana maƙale wani furotin mai ba da umarni a kunne, sinadarin cAMP ya hauhawa, ƙofofin kuloraid su buɗe su ƙi rufuwa, gishiri ya kwarara cikin hanji, ruwa ya bi shi. Babban mutum yana iya zubar da kusan lita ɗaya a awa guda. Wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, shi ya nuna a Kolkata a 1959 cewa dafi ne ke jawo wannan zubar ruwan.

Maman Biyu: Allah sarki. A 2021 da kwalara ta yi ɓarna a Arewa na ga gudawar nan da idona, fara sol kamar ruwan da aka wanke shinkafa. To Malam, in dafin ya riga ya shiga, ta yaya ruwan gishiri da sukari ke taimakawa? Ba shi ma a waje yake ba?

Malam Na Zazzau: Ruwan ba ya taɓa dafin ko kaɗan. Akwai wata ƙofa daban a tantanin hanji wadda ke shigar da sodiyam tare da gulukos, sai su biyun sun zo tare take buɗewa, ruwa kuma ya biyo su. Dafin kwalara bai shafi wannan ƙofar ba. Don haka ana mayar da ruwa ta nan yayin da yake zuba ta can, har ƙwayoyin hanjin da dafin ya kama su zube sababbi su maye gurbinsu, abin da hanji ke yi cikin 'yan kwanaki. A 1971 wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yi amfani da ruwan gishiri da sukarin nan a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash lokacin da ruwan ƙari ya ƙare, mace-mace suka ragu sosai. Bambancin da mashaƙo shi ne zuciya ba ta sauya ƙwayoyinta kamar hanji.

Na Damagaram: Sannunku da ƙoƙari. Ni aikin dabbobi nake yi, kuma mu ma nan jihar Damagaram mashaƙo ya taɓa mu a 2023, musamman wajen Matamaye. Ina so in ƙara da ciwon saifa na dabbobi, wanda lokotoro ke ce wa antaraks, tunda a 2023 ɗin an same shi a arewacin Gana da kuma wata gona a Suleja. Shi dafinsa kashi uku ne a rabe. Na farko, PA, yana manne wa tantani, furin ɗin nan da Malam ya ambata ya yanke masa kai, sai guda bakwai ko takwas su haɗu su yi zobe. Sauran biyun su hau kan zoben, a shigo da su duka a jaka, asid ya sauka, zoben ya miƙe ya zama bututu ya huda bangon, su biyun su warware su bi ta ciki ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa muke roƙon mahauta da makiyaya, dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci, kada a feɗe ta, kada a ci.

Malam Na Zazzau: Madalla. Tetanus, ciwon sarƙe-haƙora, shi ma A da B ne, sai dai shi bakin jijiya yake kamawa, a ɗauke shi a jaka a bi da shi cikin jijiyar har laka. A can yake fita ya yanke furotin ɗin da ke sakin saƙon sassauta tsoka, sai jiki ya sandare. Jaririn da aka yanke wa cibiya da reza marar tsabta ta nan yake kamuwa. Akwai kuma waɗanda ba sa shiga ma, huda tantanin kawai suke yi abin ciki ya tsiyaye, irin na bakteriyar maruru. Salmonela kuwa da wata 'yar allura take cusa nata kai tsaye.

Baba Wanzam: Assalamu alaikum. Ni gadon aska na yi, kuma ina bin bayanin nan tun farko. Ana kawo mana yara masu ciwon wuya a ce beli ne ya sauko a cire. Ta yaya zan bambance?

Anti Nas: Baba, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. In ka buɗe bakin ka ga yana mai ruwan toka ko fari-fari ta manne a maƙogwaro ko a kan belin, ko wuyan ya kumbura ta waje, ko numfashi yana ƙara, kada aska ta kusance shi. Kankare yanar yana jawo jini, guntunta kuma yana iya faɗawa ya toshe numfashi. Kai ma kana iya ɗauka, domin ta tari da atishawa take yaɗuwa. Ka ce su wuce asibiti nan take. Maganarka tana da nauyi a wurin iyaye fiye da tawa. Ni a son raina ma a bar cire belin gaba ɗaya, amma wannan muhawarar wata rana ce.

Ummu Sadiq: To rigakafin fa, shi ta ina yake tare dafin?

Malam Na Zazzau: A waje, kamar makari, sai dai shi yana nan tun kafin dafin ya iso. Wasu masu bincike biyu, Roux da Yersin, suka gano dafin a Faris a 1888. Wani likita Bajamushe, Behring, ya fito da makari daga jinin dabba a 1890, abin da ya sa ya zama na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 1901. A 1923 Gaston Ramon ya jiƙa dafin da fomalin, ya kashe masa aiki amma ya bar siffarsa. Shi ake yi wa yara. Jiki ya ga siffar ya ƙera nasa antibodi, ranar da dafin gaske ya zo sai a kama shi a jini tun bai kai ga makama ba. Mashaƙo yana kashe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na waɗanda ya kama, a ƙananan yara ma ya fi haka, kuma mafi yawan yaran da annobar Kano da Yobe da Katsina ta kwantar ba su da cikakken rigakafi.

Maman Biyu: Anti, 'yata ta fari shekararta 7, allurar wata ɗaya da rabi kawai aka yi mata muka yi ƙaura, katin ma ya ɓata. Lokaci ya wuce?

Anti Nas: Bai wuce ba Maman Biyu. Ta jarirai, wato Penta, sau uku ce: mako 6, mako 10, mako 14. Guda ɗaya ba ta isa ba. A shekarunta akwai wadda ake yi wa manyan yara da manya, ana ce mata Td, ta haɗa tetanus da mashaƙo. Ki kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ranar rigakafi, ki faɗa musu abin da aka yi mata da wanda ba a yi ba, za su buɗe mata sabon kati su ba ki ranar dawowa. Ki tafi da ƙannenta ma a duba nasu katin.